Filin Kwamfuta: Wa Ke Taɓa Min Foldoji Ina Zaune?

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, don haka na haɗa su wuri guda. Waɗanda suka yi tsawo na ɗan rage su, masu su a yi haƙuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Samaru, yawancin kwastomomina ɗalibai ne. Kwamfutata ɗaya ce, Windows 10. Kwanan nan duk wanda ya kawo filash na soka masa, kafin ya tafi sai ya ce fayilolinsa sun koma shotkot. Su suna cewa daga wurina ne, ni kuma ina ganin su suke kawo min. Wata ɗaliba har kuka ta yi a kan furojet ɗinta. An ce min akwai wata 'yar manhaja da ke nuna duk abin da ya motsa a cikin folda. Gaskiya ne? Za ta raba mana wannan gardama?
Daga mai shago a Samaru, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, akwai ta, kuma ba ɗaya ba ce. Wadda nake yawo da ita a filash ɗin aikina sunanta FolderChangesView, ta wani mai rubuta manhaja, Nir Sofer, mai shafin NirSoft. Kyauta ce, nauyinta bai kai megabait ɗaya ba, kuma ba a girka ta: ka sauke, ka warware zif ɗin, ka danna, ta buɗe. Tana buɗewa za ta tambaye ka foldar da kake so ta tsare. Ka rubuta adireshin, ka yi maki a ɗan akwatin da ke cewa ta haɗa da foldojin da ke ciki, ka danna OK. Allon zai zauna fari fat har sai wani abu ya motsa. Fayil ɗin da aka ƙirƙira, wanda aka canza, wanda aka goge, wanda aka sauya wa suna, kowanne zai fito a layinsa, da inda yake, da lokaci, da sau nawa aka taɓa shi.

Ba wani siddabaru take yi ba. Windows tana da hanyar sanar da duk manhajar da ta nemi a riƙa gaya mata canjin da ya faru a wata folda, ana kiran hanyar ReadDirectoryChangesW. Ita dai zama take ta saurara ta rubuta, shi ya sa ba ta nauyaya kwamfuta. Ka ɗauke ta kamar maigadin da aka zaunar bakin sito da littafi, yana rubuta buhun da ya shiga da wanda ya fita da ƙarfe nawa, amma kansa a sunkuye, bai taɓa ɗagowa ya ga fuskar ɗan dakon ba. In kuma ya tashi, abin da ya wuce a bayansa babu shi a littafin. Za ta gaya maka me ya canza da yaushe, muddin tana buɗe. Wane ne ya yi, wannan ba aikinta ba ne.

Duk da haka ta isa ta raba gardamarku. Ka samo filash naka da babu komai a ciki, wanda ka yi wa fomat a wata kwamfutar da ka yarda da ita. Ka soka, ka duba harafin da Windows ta ba shi, mu ce E. Ka buɗe manhajar ka ce ta tsare E:\ da duk abin da ke ciki. Sai bayan nan ka kwafa fayil guda, ko da hoto ne, ka jefa cikin filash ɗin, ka ɗauke hannunka daga linzami, ka zuba ido. Dalilin da ya sa na ce ka jefa fayil ɗin daga baya shi ne, irin wannan bairos ba ya jira, sau da yawa kafin ka gama buɗe manhajar ya gama aikinsa na farko. Amma da yake yana zagayowa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, yana ganin sabon fayil zai sake faɗa masa, wannan karon a gabanka.

A kwamfuta mai lafiya, hotonka za ka gani a jerin, wataƙila da wata folda mai suna System Volume Information, wadda Windows ce da kanta take yin ta, kada ta tayar maka da hankali. A mai ciwo kuwa, hannunka na aljihu za ka ga layuka suna ƙaruwa: an sake taɓa hoton, sannan ga wani sabon fayil mai sunan hoton amma ƙarshensa .lnk, ga kuma wani baƙo mai ƙarshen .vbs ko .js da ba kai ka sa shi ba. Taɓa hoton da aka yi ɓoye shi aka yi, .lnk ɗin shi ne shotkot ɗin da ɗalibai suke kuka da shi, baƙon kuma shi ne bairos ɗin. In ka ga haka, Malam, magana ta ƙare, kwamfutarka ce ke rabawa. Wani ɗalibi ne ya fara kawo maka, babu musu, amma tun ranar da aka danna shotkot ɗinsa a kan teburinka, kai ka zama dillali. Ba abin kunya ba ne. Shagunan da ke kusa da makarantu kaɗan ne wannan ciwo bai taɓa ziyarta ba.

Daga nan sai neman mai aikin, kuma a nan 'yar manhajar ta gama nata. Ka sauke Process Monitor. Mark Russinovich da Bryce Cogswell ne suka yi ta a ƙarƙashin Sysinternals, wanda Microsoft ta saye a 2006, don haka daga shafin Microsoft za ka ɗauko ta. Ita tana ganin fuska, sai dai surutu gare ta, cikin minti ɗaya za ta iya zubo maka layi dubbai masu yawa. Tana buɗewa ka danna Ctrl da E ka tsayar da ita, Ctrl da X ka share abin da ta tara, Ctrl da L ka buɗe matata. Ka sa sharaɗi biyu: Path ya zama begins with E:\, sannan Category ya zama is Write. Ka sake danna Ctrl da E, ka sake jefa wani fayil a filash ɗin. A ginshiƙin sunan manhaja, sau da yawa wscript.exe za ka gani. Kada ka je ka goge wscript.exe, na Windows ne, bairos ɗin aron sa kawai ya yi. Ka danna layin sau biyu, ka shiga shafin Process, ka karanta Command Line. A nan ne adireshin ainihin fayil ɗin yake, galibi a cikin AppData ko Temp na asusunka.

Ka rubuta adireshin a takarda. Ka kashe wscript.exe a Task Manager, ka goge wannan fayil, ka danna madannin Windows da R ka rubuta shell:startup ka duba ko ya bar kwafinsa a can. Yakan kuma rubuta sunansa a rajistar Windows, wato kundin da take ajiye saite-saitenta, don ya tashi tare da kwamfuta, FolderChangesView kuwa ba ta ganin rajista sam. Autoruns, ita ma ta Sysinternals, ita ce ke nuna wannan. Bayan nan ka sabunta antibairos ɗinka ka bar shi ya bi ko'ina, ko da zai kwana yana yi.

Ita kuma ɗalibar, ka neme ta kafin wani ya ba ta shawarar fomat. Furojet ɗinta yana nan, ɓoye shi aka yi. Bayan ka tsabtace kwamfutar, ka soka filash ɗinta, kada ka danna komai a ciki, ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter. Fayilolin za su bayyana. Sai ka goge shotkot ɗin da baƙon fayil ɗin da hannu. Na so a ce duk mai shago irin naka ya shiga File Explorer ya kunna nuna ƙarshen sunan fayil, ya bar shi a kunne. Windows tana zuwa da shi a kashe, abin da har yau ban ga hikimarsa ba.

Tambaya: Na sauke wasu manhajojin NirSoft, antibairos ɗina ya yi ta ihu. Ko tarko ne?
Daga wani mai karatu a Gusau

Amsa: Ɗan'uwa, daga ina ka sauke? A shafin akwai wasu manhajoji na fito da kalmar sirrin da aka manta, su ne antibairos ya saba yi wa ihu, saboda ɓarayi ma suna amfani da su. In ka ɗauko tarin gaba ɗaya, da wuya ka tsira daga ƙara. Ka ɗauko wadda kake bukata ita kaɗai, daga shafin mai ita, ba daga wani shafin da ke cika maka allo da madannan "download" ba, ba kuma wadda aka turo a zauren WhatsApp ba. In har ita kaɗai ɗin aka yi wa ihu, kada ka buɗe, ka ɗora ta a shafin VirusTotal ka ga abin da sauran antibairos suka ce.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kwamfuta ne. Na kunna irin wannan manhaja a kan C:\Windows don na ga ko akwai mai leƙen laftof ɗina. Ban taɓa komai ba, amma kafin na gama shan shayi layuka sun cika allo. Gabana ya faɗi. Na fara goge wasu fayilolin, wasu suka ƙi goguwa. An yi min kutse ne?
Daga wani ɗalibi a Maraɗi

Amsa: Ƙanena, ka tsayar da gogewar nan tukuna. Waɗanda suka ƙi goguwa sun taimake ka. Yawancin fayilolin tsarin Windows mallakar wani asusu ne mai suna TrustedInstaller, ko mai kwamfutar bai isa ya taɓa su kai tsaye ba, kuma da gangan aka yi haka.

Foldar Windows ba ta barci. Ka koma ka karanta adireshin layukan da suka tsorata ka, na tabbata yawancinsu a wurare kaɗan suke. Prefetch: duk sanda ka buɗe manhaja, Windows takan rubuta ko ta sabunta wani ɗan fayil mai ƙarshen .pf don gobe ta fi saurin buɗewa. System32\winevt\Logs: littattafan da take rubuta abubuwan da suka faru, masu ƙarshen .evtx. System32\config: nan rajista take zaune, kuma kusan kowane motsi sai an rubuta mata wani abu. Temp kuwa sunanta ya nuna aikinta, wato ajiye fayilolin wucin gadi. Sai SoftwareDistribution da Logs\CBS, waɗanda ke cika da motsi in ana sabunta Windows. Microsoft tana sakin gyare-gyarenta na tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, wajen magariba a agogonmu. In ka kunna manhajar daren wannan Talata ko Larabar da ta biyo, za ka rantse an shigo maka, alhali gyara ake yi. Datarka ma a nan take tafiya, in kana mamakin inda ta shiga.

Kuskuren da ake yi shi ne a fara kallo ranar da ake zargi. Ka kalla ranar da lafiya lau. Ka buɗe manhajar da Run as administrator, ka bar ta awa ɗaya kana aikinka na yau da kullum, ka danna Ctrl da A, sannan Ctrl da S, ka ajiye jerin. Ka sake yi wata ranar. Sai idonka ya saba da sunayen gida, baƙo ya riƙa fito maka da kansa. Ba tare da wannan ba, jerin ba ya gaya maka komai, tsoro kawai yake ƙara maka.

Kuma ka rage faɗin abin da kake tsarewa, don akwai wata matsala da ba a cika faɗa ba. Sanarwar da Windows ke aikawa tana taruwa ne a wani ɗan wuri mai iyaka kafin manhajar ta kwashe. In canje-canje suka yi yawa lokaci guda, wurin ya cika, wasu sai su zube ba a rubuta su ba. Wanda ya ce zai tsare C gaba ɗaya shi ya fi kowa rasa abin da yake nema.

Wuraren da ni nake sa wa ido ba su da yawa. Fayil ɗin hosts, mai haɗa sunan shafi da adireshinsa, da ke System32\drivers\etc, wanda a kwamfutar gida yakan yi shekara ba a taɓa shi ba. In ya canza ba ka sani ba, ana iya karkatar da kai daga shafin bankinka zuwa na bogi. System32\Tasks, inda ake ajiye ayyukan da ke tashi da kansu a kan lokaci. Chrome da Edge da Office duk suna da nasu a can, amma sabon suna marar ma'ana abin a bincika ne. System32\drivers, in sabon fayil mai ƙarshen .sys ya sauka alhali ba ka girka komai ba, ba ka soka sabuwar na'ura ba, ba kuma lokacin sabuntawa ba ne. Sai AppData da ProgramData, waɗanda ba a cikin foldar Windows suke ba, amma a can yawancin miyagun manhajoji suke sauka a yau, musamman AppData, don rubutu a cikinta ba ya bukatar izinin mai gida. Mafi kyawun lokacin kunna manhajar shi ne daf da za ka girka wani abu da ba ka gama yarda da shi ba, ka ga inda ya zuba kayansa. Ku ɗalibai kuna son kirak, wato manhajar kuɗi da aka fasa don a yi amfani da ita kyauta, na sani. Ta nan ne bairos mai kulle fayiloli da ake kira STOP ko Djvu ya fi shigowa. Alamarsa a jerin ba ta ɓuya: fayilolinka na Documents suna sauya suna bi da bi, ana liƙa musu wani baƙon ƙarshe, ga kuma fayil mai suna _readme.txt ya bayyana. In ka ga haka kada ka tsaya karatu, ka danne madannin wuta har ta mutu.

Waɗanda ka riga ka goge, ka buɗe Command Prompt da Run as administrator, ka rubuta sfc /scannow, ka bar shi ya kai ɗari bisa ɗari. In fayil ɗin tsari ne ya ɓata, zai yi ƙoƙarin mayar da shi.

Tambaya: Ni Ubuntu nake amfani da shi. Akwai irinta?
Daga wani mai karatu a Kumasi

Amsa: Akwai, kuma tun 2005 abin yake cikin Linux, wanda a kansa aka gina Ubuntu, sunansa inotify. Ka girka inotify-tools, ka rubuta sudo inotifywait -m -r /etc, ka zuba ido. In foldojin sun yi yawa zai ce maka ya kai iyaka, sai ka ɗaga fs.inotify.max_user_watches. Shi ma ba ya faɗin wanda ya yi. In suna kake so, auditd za ka nema.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni akanta ce a wata makaranta mai zaman kanta. Muna da folda ɗaya a kwamfutar ofishin shugaba, mu huɗu muke shiga ta netwok. Sau biyu ke nan fayil ɗin Excel na kuɗin makaranta yana ɓacewa, babu shi ko a Recycle Bin. Ina zargin wata abokiyar aikina. In na sa wannan manhaja a ɓoye, zan kama ta?
Daga wata akanta a Katsina

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Ba za ki kama ta ba, kuma ina jin tsoron ki kama wadda ba ta ji ba ta gani ba. Manhajar tana iya tsare foldar netwok, za ta nuna miki an goge fayil ƙarfe kaza da minti kaza, shi ke nan. In kika haɗa wannan da "ai ita ce ke zaune a lokacin", kin yanke hukunci da rabin shaida.

Ga abin da ya fi. Excel da Word ba sa rubutu kai tsaye a kan fayil ɗinki in kin danna Save. Sabon fayil na wucin gadi suke fara rubutawa, su kawar da tsohon, sannan su ba sabon sunan tsohon. Saboda haka ajiya guda ɗaya tak takan fito a jerin da ƙirƙira, da sauya suna, da gogewa, alhali babu wanda ya goge komai. In kuma wuta ta ɗauke ko netwok ya katse a tsakiyar wannan musaya, fayil ɗin na iya ɓacewa, ya bar wani mai baƙon suna na haruffa da lambobi a madadinsa. Ki duba foldar da kyau, ki kunna nuna ɓoyayyun fayiloli. In kin ga irin wannan mai girman da ya yi kusa da na fayil ɗinki, ki kwafe shi gefe, ki sa masa .xlsx a ƙarshe, ki gwada buɗewa. Rashin ganinsa a Recycle Bin kuma ba shaidar mugunta ba ce: duk abin da aka goge ta netwok ba ya shiga can, ko da kuskure aka yi.

In suna ake so, Windows tana da nata littafin, amma sai an kunna shi, a kwamfutar da foldar take, kuma ya fi sauƙi in Windows ɗinta Pro ce, don Home ba ta da secpol.msc, wato wurin saita tsaro. A can ake kunna Audit File System a ƙarƙashin Object Access, sannan a je kan foldar, Properties, Security, Advanced, Auditing, a ce a riƙa rubuta gogewa. Daga nan duk wanda ya goge, Event Viewer zai nuna a sashen Security: lamba 4663 tana ɗauke da sunan fayil da sunan asusu, 4660 tana tabbatar da an goge. Sai dai ina da tambaya: ku huɗun nan, kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa? A yawancin ofisoshin da nake shiga, asusu ɗaya ne, kalmar sirrin ma tana manne a jikin allo. In haka ne, littafin suna ɗaya zai yi ta rubutawa. A fara raba asusu, a rage masu izinin gogewa, kuma shugaban makaranta ne zai ba da umarni a sanar da kowa. Kwamfutar ofishinsa ce, ba ki da hurumin dasa mata wani abu a ɓoye.

Shi kuma fayil ɗin da ya ɓace, a danna dama a kan foldar a duba Previous Versions, ko Allah ya sa an taɓa kunna File History, mai ajiye tsofaffin kwafin fayiloli. In babu, a daina ajiye komai a wannan kwamfuta, a gwada Recuva, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, daga filash, a kwamfutar shugaban, ba a taki ba. In tsohon faifai ne mai juyawa, akwai fata. In SSD ne, wato sabon irin da ba ya juyawa, fatan kaɗan ne, don yakan share gurbin abin da aka goge ba da jimawa ba, sai ki koma imel da WhatsApp ki nemo kwafin ƙarshe da kika taɓa tura wa shugaba.